Ruwan Gidan Yangoji

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau mun kafa inji a filina na Yangoji. Shekara ashirin da ɗoriya ina haƙa wa mutane bohol, rijiyar burtsatse, daga Mararaba har Kwali, gidajen daraktoci, makarantu, coci-coci, masallatai. Yau dai kaina nake haƙa wa. Gidan ya kammala tun watan jiya: ɗaki uku, baranda mai faɗi, fenti ruwan ƙwai. An ja fayif, an ɗaura famfuna, tanki yana sama yana jira. Ruwa kawai ya rage, ruwa kuwa sana'ata ce.

Na gaya wa Rahmatu ba za ta taka gidan nan ba sai ranar da za ta murɗa famfo da hannunta ruwa ya zubo. Ta ce, "Injiniya, ni ko da bokiti ne mu tafi, hayaƙin Mararaba ya ishe ni." Duk garin nan da gaske ake kirana Injiniya, matata kaɗai ke faɗa tana murmushi, don ta san inda karatuna ya tsaya. Na ce matar Salisu mai bohol ba za ta tare da bokiti ba. Sati ɗaya, na ce mata. Ta yi tarin nan nata mai tsawo, da ya lafa ta ce Allah ya kai mu.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Jar ƙasa, sai yashi, sai muka taɓa dutse da wuri. Na ce a sa kesin, wato bututun da ke tare ƙasar sama kada ta rufta cikin rami. Zacharias, wanda ke riƙe mini inji tun ina da tsohuwar mota guda, ya ɗago ya ce, "Oga, mu ƙara sauka kaɗan mana, ƙasan nan bai zauna ba." Na ce dutse ne, na ji shi. Ni a tafin ƙafa nake jin dutse, ta cikin takalmi. Ba a aji aka koya mini ba. Muka ci gaba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Farar ƙura tun safe. Dutse mai kyau. Hama, ƙarfen da ke can ƙasa a bakin rodi yana duka, tana cinsa kamar ƙuli-ƙuli.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Azahar

Zafi ya yi yawa, na kishingiɗa a gindin kashun da ke bayan gida, inji yana ta rugugi. Ban san barci ya ɗauke ni ba. Sai na ga ƙasa ta zama kamar gilashi, ina hango komai a ƙarƙashina. Akwai wani kogi can ƙasa, baƙi wuluk, yana tafiya a hankali ba ƙara, hamata tana saukowa kansa kamar igiyar guga. Rahmatu tana zaune a bakinsa da zanen da ta ɗaura ranar da na fara ganinta a Keffi, mai ruwan ganye, ta tsoma ƙafa. Ta ɗaga kai ta dube ni ta cikin ƙasar, tana magana, ba na ji.

Na farka ƙudaje sun dame ni. Na tashi na tari ƙurar da ke fitowa daga rami, na murza a tafin hannu. Busasshiya ce, ko sanyi babu. Ba komai. Na sha ganin dutsen da ya fi wannan taurin kai.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan Isha

Asibiti. Layi. Sun ɗauki hoton ƙirjin Rahmatu, sun ce mu dawo. Ban je Yangoji ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, da La'asar

Mun wuce mita ɗari. Fara, fara, fara. Zacharias ya zama fari tun daga gira har takalmi, in ya yi dariya haƙoransa ne suka fi duhu.

Wata dattijuwa daga gidan da ke ƙetaren hanya ta zo ta tsaya tana kallonmu, da kwano a kafaɗa yadda matan nan suke ɗaukar kaya. Sunanta Magdalene, maƙwabciyarmu ke nan. Ta kawo mana mangwaro. Ta ce, "Alhaji, matarka yaushe zai zo? Kullum ina share gaban gidan nan, kaji ne kawai suke gode mini." Na ce sai ruwa ya fito. Ta dubi inji, ta dube ni, ta ce, "To mu da muke nan, fetur muke sha?" Zacharias ya juya baya yana dariya. Na ba ta amsa cikin mutunci cewa kowa da tsarinsa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da rana

Hama ta maƙale.

Litinin ɗin dai, bayan Magariba

Bari in rubuta yadda aka yi. Muna cikin aiki sai ƙarar ta sauya, ta koma kamar mutum yana magana da bargo a baki. Ƙura ta daina fitowa. Na yi tsalle na karɓi inji daga hannun Zacharias, na ja sama, ta ƙi. Na juya, ta ƙi. Yashi ne ya zubo daga sama ya danne ta a can ƙasa, ita da rodin gaba ɗaya.

Zacharias bai ce komai ba game da kesin. Ya ɗauko ruwan leda ya miƙo mini. Da ma ya ce wani abu, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Hamar nan ita kaɗai gare ni. Daga Legas na ɗauko ta da kaina, a kan kujerar gaba, na ɗaura mata bel.

Rahmatu ta tambaye ni a waya, "Injiniya, an ga danshi?" Na ce ana kusa.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

In hama ta maƙale, ruwa da omo ake ɗura wa ramin, a hura iska, kumfa ya ɗago yashin. Wato sai da ruwa ake neman ruwa. Tankar ruwanmu tana can Idu da lalataccen giya. Kafin in gama tunani sai ga Magdalene da matan gidanta a jere, kowace da baho a kafaɗa, suna tafe suna hira da yarensu. Zacharias ne ya je ya roƙa, bai gaya mini ba.

Na sa hannu a aljihu. Magdalene ta ce, "Alhaji, mayar. In ka saya yau, gobe da wane ido za ka zo aron gishiri?" Na ce ni ba na aron gishiri. Ta ce, "Matarka zai zo ara."

Kumfa ya yi ta fitowa fari sol, ya rufe ƙafafun inji, iska tana kwasarsa tana kai shi kan kunyoyin doyar mutane. Na tsaya ina kallo kamar an saukar da gajimare a filina. Hama ba ta motsa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ba ta motsa ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan Masallaci

Na sallami Zacharias ya je ya yi Ista da iyalinsa. A masallaci na daɗe da hannu a sama. Da na shafa sai na lura da yadda nake addu'ar: Ya Allah ka saki hamar nan, ka sake ta kafin Litinin, ka fito da ruwa a mita kaza, mai yawa, mai daɗi. Kamar ina tsaye a wurin aiki ina raba wa leburori aiki. Har lokaci na yanka masa. Na ji kunya kaɗan, amma ban san wata hanyar roƙon ba. Ni tun ina yaro abin da nake so nake faɗa, in tashi in yi.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Mun karɓo sakamakon hoton ƙirjin Rahmatu. Likitan yaro ne ƙarami, ya cire tabarau ya ajiye kafin ya fara magana. Ya yi bayani da Turanci, Khairat 'yarmu tana ta gyaɗa kai tana tambaya, ita ce mai aiki a ma'aikatar gwamnati, ita ta saba da irin maganarsu. Ni ina kallon famfon da ke kusurwar ofishin, yana ɗiga. Wosha ce, 'yar robar cikinsa, ta cinye. Aikin minti biyu ne.

Muka kamo hanyar gida a mota. Wajen gadar Nyanya aka tsaya cak, hayaƙi ya cika ko'ina, Rahmatu ta rufe hanci da mayafi. Zobenta ya yi mata yawa yanzu, ta naɗa masa zare.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan Azahar

Na zo Yangoji ni kaɗai. Ana ta kiɗa a cocin su Magdalene. Na buɗe gidan na zauna a tsakar falo, ƙasa, babu kujera ko ɗaya. Warin sabon fenti. Na lumshe ido sai na ji ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali, mai ɗumi, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Ƙananan kifaye suna shiga ɗakin Rahmatu suna fita kamar masu duba gidan haya. Ban ji tsoro ba. Ina ta kiranta ta zo ta gani, sai na tuna ai ni na ce kada ta zo.

Na fita na dafa rodin da ya leƙo daga rami. Rana ta gasa shi. Na kara kunne. Wani lokaci ina jin kamar hamar numfashi take yi a can ƙasa, ta samu wurin kwana ta ƙi tashi.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Na ɗauko kiren daga Idu, babbar motar ƙugiya. Rabin ƙauye ya fito kallo. Aka ɗaura sarƙa, aka ja, har ƙafafun motar na gaba suka ɗaga sama. Direban ya leƙo ya ce, "Oga, ƙasa ce ta riƙe, ni ba zan yi dambe da ita ba." Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Sarƙa ta tsinke ta wuce ta gefen kan Zacharias, ta fasa gilashin tagar kicin.

Allah ya tsare.

Zacharias ya zauna a kan taya ya daɗe. Can ya ce, "Oga, mu kwance rodin da za mu iya, mu bar wa ƙasa sauran. In an samu wata hama sai mu koma gefe." Wata hama sai an yi oda, sai an jira. Wata biyu, ko uku. Na ce masa ban taɓa barin ƙarfena a cikin ƙasa ba, kuma ba a gidana zan fara ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban taɓa ba. A tambayi kowa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan La'asar

Khairat ta biyo ni har Yangoji daga ofis, da takalminta mai tsini, tana nutsewa a yashi. Ba ta ko gaishe da ma'aikata ba.

Ta ce, "Abba, ka ji abin da likita ya ce, ko in sake maimaita maka da Hausa?"

Na ce na ji.

"To me ya ce?"

Na ce mata ta matsa daga kusa da inji, akwai mai a ƙasa.

"Abba, Umma ta haɗa kayanta tun watan jiya. Akwatinta yana bayan ƙofa. Kullum da safe sai ta buɗe ta ƙara wani abu ta rufe. Jiya cokula ta sa. Kai kana nan kana faɗa da rami."

Na ce alkawari na yi wa uwarta.

Ta ce, "Ita ta roƙe ka alkawarin? Wa ya tambaye ka famfo?"

Na ɗaga murya, na ce yarinyar da na biya wa makaranta da ƙurar dutse ba za ta zo ta koya mini yadda ake riƙe mace ba. Ta buɗe jaka ta ciro hankici ta goge mini gira, wai ƙura ta taru, kamar yadda uwarta take yi. Sannan ta shiga mota. Ba ta yi kuka a gabana ba, sai da ta kai kwanar titi na ga motar ta tsaya ta daɗe.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Hadari ya haɗu jiya ya watse, ko ɗigo.

Na tsallaka gidan Magdalene in ba da haƙurin kumfan da ya ɓata musu doya. Na tarar da ita a bakin rijiyarsu. Rijiyar hannu ce, an ɗaure bakinta da tsohuwar taya, irin waɗanda na fara haƙawa da diga ina saurayi, kafin in san akwai wani abu wai shi inji. Na leƙa. Ruwan yana can ƙasa kaɗan, ya kwanta shiru, da sama a cikinsa da kaina a tsakiya, ƙarami kamar ƙwallon goro. Taku kaɗan daga inda na huda dutse har mita ɗari da wani abu.

Na ce mata wannan ruwan sama-sama ne, ba ya kai ƙarshen rani. Ta ce, "Wani shekara yana kai, wani shekara ba ya kai." Na ce to in bai kai ba fa? Ta ce, "Sai mu tafi rafi." Na ce in rafi ya ƙafe? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan kakan kakanta. Ta ce, "Alhaji, kai kana so ka sha ruwan baɗi yau?"

Ta zuba mini a kofi. Na sha don kada ta ji babu daɗi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan Magariba

Yau jikin ya matsa wa Rahmatu. Na zauna a gefen gado ina yi mata fifita, janareton maƙwabta yana ta zuba hayaƙi ta taga. Da ta samu numfashi ta ce, "Injiniya, hamar taka ta fito?" Ashe ta sani. Khairat ce, ko Zacharias, ko fuskata.

Na ce za ta fito.

Ta ce, "Ka san ni ban taɓa roƙon Allah ya ba ka ruwa a ramin nan ba?"

Na ce haba, Rahmatu.

"Wallahi. Cewa nake yi ya zaɓa mana. Kai ka riga ka zaɓa, ka bar masa sa hannu kawai." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya wuce ta ce, "Ni bishiya nake so in gani ta taga. Ko da ba yawa."

Ko da ba yawa. Ban tambaye ta me ba yawa ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Asuba

Na yi sallah na zauna. Na ɗaga hannu, na rasa abin da zan ce. Na daɗe a haka har hannun ya gaji. Abin da ya fito kawai shi ne, ga mu nan. Na shafa.

Ban sani ba ko wannan addu'a ce. Amma na tashi ƙirjina ba nauyi kamar jiya.

Litinin ɗin dai, da La'asar

Na ce wa Zacharias a kwance. Ya dube ni sau biyu, bai tambaya ba. Muka juya rodi ta hagu, ya warware daga wani wuri can ƙasa, muka zaro abin da ya biyo mu. Sauran da hamar suna nan inda suke. Da hannuna na kwaɓa siminti na rufe bakin ramin, na shafe shi sumul. Zacharias ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar ana binne mutum, sai muka haɗa ido, muka fashe da dariya mu biyu, har na zauna a ƙasa. Ban san rabona da dariya ba.

Ya ce, "Oga, in mutane suka tambaya fa?" Na ce ka ce Salisu ya haƙa bai samu ba.

Da na faɗa da bakina sai na ji maganar ba ta kai girman da nake zato ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Mun tare.

Khairat ta tuƙa, ni ina baya da Rahmatu, kanta a kafaɗata. Daga Gwagwalada ta ce a sauke gilashi. Magdalene da matan gidanta suna bakin ƙofa, sun share har titi. Da aka buɗe mota Magdalene ta ce, "Sannu da zuwa, amarya! Mijinka ya ɓoye ka kamar kuɗin adashe." Rahmatu ta ce, "Ai tsoro yake kada a ƙwace." Suka kama hannun juna kamar sun shekara da sanin juna. Da ƙafarta ta shiga, a hankali, tana dafa bango, tana shafa fentin.

La'asar ta yi, babu ruwan alwala. Matan suka yunƙura, na ce su zauna. Na ɗauki jarka biyu na tsallaka titi, da rigar kamfanina a jikina, sunana a baya da hoton inji. Masu okada a bakin hanya suka bi ni da kallo, wani ya ce, "A'a, Injiniya da kansa!" Na ce da kansa. Na zura guga. Hannu bai manta ba, kafaɗa ce ta manta.

Na zuba wa Rahmatu a buta, na riƙe mata tana alwala a baranda. Ta kurkure baki ta tsaya. Ta ce ruwan yana da ɗanɗanon ƙasa, irin na gidan kakarta.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Sawu huɗu na yi zuwa rijiya yau kafin rana ta yi zafi. Tafin hannuna ya yi kanta. Tarin yana nan, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Amma ta ci tuwo jiya, ta zauna a baranda har aka kira Magariba tana kallon shanu suna wucewa.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan Azahar

Tana kwance tana kallon waje, ta ce in dasa mata lemun tsami a daidai tagar nan, inda za ta riƙa ganinsa daga gado.

Na ce, "Rahmatu, lemu fa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya yi 'ya'ya."

Ta ce, "Na sani."

Na tsaya a bakin ƙofa. Tana dai kallona.

An ce akwai mai sayar da dashe a bakin titin Kwali. Bari in je kafin ya tashi.